Kiyashi a Aljihun Malam

Ke mai jan mayafi, ajiye wayar nan ki ɗauki faifai. Tun da kuka shigo nake jin kuna cewa wai garin kunun yara ba wani abu ba ne, a haɗa gero da waken suya da gyaɗa a kai inji, a ƙulla a leda, a manna takarda mai hoton jariri, shi ke nan kuɗi sun fara shigowa. Tabɗi! Da haka abin yake da duk matan Tudun Wada sun gina gidan bene. Ku zauna, ba korar ku zan yi ba. Amma hannu na aiki kunne na saurare, don ni ba na koya wa mai naɗe hannu sana'a. Ga gyaɗa nan ku tsince, ni kuma in ba ku labarin shekarar da na kusa kife kaskona.

Sunana Hanne, ko da yake rabon da in ji an kira ni da shi tun rasuwar maigidana Malam, Allah ya jiƙansa. Kowa Iya mai gari yake cewa. A Kiru na koyi sana'ar nan, wurin Gwaggo Dije ƙanwar mahaifina, kuma da wannan aikin da kuke yi yanzu ta fara ni. Ta zube mini gyaɗa a tabarma ta ce in fitar da ruɓaɓɓiya da mai fumfuna da wadda ta motse. Ni kuwa lokacin kaina na rawa, na yi sharaf-sharaf na ce na gama. Gwaggo ta zura hannu, ko dubawa ba ta yi ba, ta zaro ƙwara ɗaya mai baƙi-baƙi ta miƙo mini.

"Tauna," in ji ta.

Na tauna. Wayyo Allah! Ɗacin nan har cikin kunnena na ji shi. Na tashi zan tofar, ta ce, "Ke kina da bakin tofarwa, kina da bakin faɗa. Wanda za ki dama wa ba shi da ko ɗaya, sai dai ki ga yana zawo uwarsa na cewa haƙori ne." Daga ranar ban sake yi wa tsinta gaggawa ba.

Bayan tsinta sai surfe, sai sheƙe, sai rege. Rege ba wanki ba ne, kada ku haɗa su. Ƙwarya biyu za ki samu, kina juya geron cikin ruwa a hankali, tsakuwa na kwanciya a ƙasa, tsaba na bin ruwa tana wucewa. In kika yi garaje tsakuwar ta bi, inji ya niƙe ta, yaro ya sha yashi. Waken suya kuwa shi ne ɗan rigimar cikinsu. Sai an jiƙa shi, an murje ɓawon, an shanya ya bushe ƙarau, sannan a soya. Wanda bai soyu ba gafi gare shi, ya kumbura wa yaro ciki. Wanda ya ƙone kuma ɗaci. Tsakanin gafi da ɗaci ɗan lokaci ne ƙanƙani, kuma babu agogon da zai gaya miki. Hancinki ne zai gaya miki. Kaskon can da kuke gani a jingine, baƙi ƙirin, na Gwaggo ne. Kada wadda ta ce za ta kankare mini shi da soson ƙarfe, za mu ɓata.

Na tuna wani niƙa da na kai ina sabuwar amarya a garin nan. Na haɗa kayana tsaf, na miƙa wa mai inji, na tsaya gaisawa da wata. Ashe wadda ta riga ni yaji ta niƙa. Na dawo gida na fara tankaɗe, sai atishawa, ni atishawa, Malam da ke zaure atishawa, har akuya. Allah ya taimake ni ban sayar ba. Garin nan kaf mu muka sha shi a gida, muna sha muna share hawaye. Shi ya sa har gobe in na je inji sai na tsaya a kan mai injin ya buɗe ya goge, ya fara zuba 'yar dusa ta wanke hanya, sannan nawa ya shiga. Yana ƙunƙuni, ina tsaye. In ya gama, a dawo gida a baza ya huce, a tankaɗe da rariyar laushi, a ƙulla a leda a liƙe baki da kyandir. Gari mai ɗumi ba a ƙulla shi, gumi yake yi ya lalace.

Akwai kuma tsiro, wanda shi ne sirrin Gwaggo, ko da yake duk mai kunun zaƙi ta san shi. A jiƙa gero, a baza a jiƙaƙƙen buhu a lulluɓe har ya fito da 'yan farin gemu, a shanya, a niƙe shi daban. In kin dama kunu mai kauri kin sauke, ki barbaɗa ɗan kaɗan ki juya. Sai ki ga kunun ya saki jiki ya tsinke ba tare da kin ƙara ruwa ba, har da ɗan garɗi. Yaro ya haɗiya da sauƙi, kuma abinci ne ya shiga cikinsa ba ruwan zafi ba. In ana son ɗan zaƙi, ga busasshen dankali. Ni ban taɓa zuba sukari a garina ba.

Masu saye kuwa na ga iri-iri. Akwai matan rugage na wajen Doguwa da ke zuwa ranar kasuwa, su sai sun ɗanɗana a tafin hannu, su shinshina, su sake ɗanɗanawa. Akwai na Riruwai da ke ba direba saƙo. Akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana zuwa da kansa yana cewa, "A ba ni na jikana." Ni kuwa na san autan jikokinsa har ya fara gemu. Ban taɓa tona shi ba, sai dai in ce, "A gai da yaron, Allah ya raya."

Ana nan ana nan sai biskit ɗin jarirai ya shigo gari. Ba irin wanda 'yan makaranta ke ci ba, wannan an ce musamman don masu koyon cin abinci aka yi shi. A jikin kwalin ga hoton wani jariri, kumatu kamar an hura balan-balan, yana dariya. A zuba masa ruwan ɗumi ya narke lugub, a ba yaro da cokali, ko a damƙa masa a hannu ya yi ta tsotsa. Ba hura wuta, ba neman itace, ba wanke tukunya. Ni ban ga laifin matan ba, wallahi. Mace ta yi surfe, ta yi wanki, ta ɗora sanwa, ga goyo na tsala ihu, a ce ga abin da zai rufe masa baki nan take, wa zai ƙi? Kuma yaro ba ya mayar da shi. Yo zaƙi ne fa, ko ke da kike dariya ba kya ƙi.

Kafin a ce me, abin ya zama na yayi. A gidan suna za ki ga mace ta buɗe jaka ta zaro biskit a hankali, yadda kowa zai gani. Wadda ta zo da kunu a kofi sai ta juya baya tana ba ɗanta kamar ta yi sata. Garina ya yi ta zama a roba har man gyaɗar ya fara canja wari, in kwashe in zuba wa kaji. A shekarar nan kajina suka yi ƙiba, ni na rame.

Ban yi shiru ba, kun dai ga bakina. Duk inda na zauna sai na ce, "Jama'a, abin nan fulawa ce da sukari da mai. Ku ɗanɗana ku ji." Sai a yi ta zunɗe ana cewa, "Iya haushi take ji, kasuwarta ta faɗi." To me zan ce? Kasuwar tawa ta faɗi ɗin. Mai sayar da kunu ba ta shaidar biskit.

Cikin wannan hali autana Habibu, wanda ke noman rani a Tiga, ya aiko cewa za su kawo ɗansu yaye. Kun san al'ada, in za a cire yaro daga nono gidan kaka ake kai shi, ya yi nesa da uwar har ya manta. Yaron sunan Malam ya ci, don haka ni ba na faɗin sunan. Iyayensa na ce masa Abba, ni kuwa Ango nake cewa, tun da jika namiji ai mijin kakarsa ne. Na share ɗaki, na yi sabon gari na musamman, na ce to, bana ko ba ciniki ga ango zai zo ya ci girkina.

Suka iso a babur da hantsi. Habibu a gaba, matarsa Rabi a baya da goyo, a bayanta kuma an ɗaure wani ƙaton kwali da roba. Na duba kwalin, sai ga jaririn nan mai kumatu yana yi mini dariya a ƙofar gidana.

"Wannan fa?" na ce.

Rabi ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Iya, abincinsa ne. Tun da ya fara zama muke ba shi. Ba ya karɓar komai sai shi da nono."

Habibu ya ƙara da cewa, "Mai tsadar ne fa, Iya. Ba na yi masa ƙwauro."

Na karɓi yaron. Ina ɗaga shi gabana ya faɗi, don ji na yi kamar na ɗaga ƙwarya ba komai a ciki. Ga ciki a gaba, amma hannuwa sirara, gashin kai ya yi laushi ya yi ja-ja. Na ɗaga leɓensa na sama, haƙoran gaba duk sun yi tsatsa daga gindi. Yaro ya haura shekara ɗaya da rabi. Nonon uwarsa ne ya riƙe shi duk tsawon lokacin nan, ga shi yau an zo a cire nonon. Abin da ya rage masa a duniya biskit ne.

Washegari na goya shi sai asibitin unguwa. Malamar da ke duba yara ta san ni, takan turo mini mata. Ta ɗora shi a sikeli, ta zagaya ɗan tef a damtsensa. Sannan ta ce, "Iya, bai kai ga kwanciya ba, amma yana bakin ƙofa. Cikin yaro ɗan ƙarami ne, abin da ya fara shiga shi ke tare wurin. Biskit zai cika shi ya hana shi jin yunwa, amma ba zai gina masa jiki ba. Harshensa kuma ya saba da zaƙi, duk abin da ba zaƙi zai ga kamar magani ne. Ga sukarin na kwana a haƙori. Ba guba ba ne, babban yaro ya ci jefi-jefi ba komai, amma ba abincin yaye ba ne." Ta gaya mini abin da zan riƙa ba shi, kunu da fate da ƙwai da kayan marmari, ta ce in dawo da shi ƙarshen wata. In bai ƙaru ba, sai babban asibiti a ba shi gado.

Na dawo gida na jefa kwalin nan a akwatina na aure, na danna kwaɗo, na ɗaure makullin a haɓar zani. Na ce to Ango, ni da kai.

Na dama kunu da tsiro da dankali, ƙamshi har zaure. Na zaunar da shi a cinya ina yi masa kirari, angon Hanne, mai gida da waje. Ya karɓi cokalin farko, ya riƙe a baki, ya dube ni ido cikin ido, sai fuuu! Har cikin hancina. Na yi faten dankali da garin busasshen kifin da ubansa ya kawo daga Tiga, ya ture. Na dafa ƙwai, ya murƙushe ya watsa wa kaji, su da ma sun saba cin arzikina. Gwanda kaɗai yake ɗan lasa. Matan maƙwabta suka fara leƙe ta katanga.

"Iya, yaya angon? Mun ji an ce ya ƙi girkin amarya."

"Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi," in ji wata, suka kwashe da dariya.

Na yi dariyar tare da su, amma ta baki ce kawai. Ba maganarsu ce ta dame ni ba. In na yi masa wanka ina jin haƙarƙarinsa a tafin hannuna, kuma wata na ta tafiya. Tsoro nake ji ƙwarai, kada a kawo mini ɗan mutane da ƙafarsa in mayar da shi a gadon asibiti.

Abu ɗaya ya riƙa ɗaure mini kai. Yaron da ba ya cin abinci ai yunwa za ta karya masa taurin kai, ko ba jima ko ba daɗe. Wannan kuwa zai tashi da safe da kuka kamar ana yanka shi, sai Malam ya shigo ya ce, "Kawo shi ya sha iska." Ya fita da shi ƙofar gida, inda yake shimfiɗa buzunsa suna hira da abokansa. Jim kaɗan sai ya dawo da shi shiru, har da gyangyaɗi.

"Malam, me kake yi masa ne?"

"Addu'a nake tofa masa," in ji shi, ko kallona bai yi ba.

Na taɓa makulli a haɓar zanina, yana nan. Sai na ɗora zargina a kan maƙwabta. Har na je na yi wa wata baiwar Allah tatas a kan kada ta ƙara miƙa wa jikana komai, ta rantse ta maya ita ko ruwa ba ta ba shi ba.

Sai kuma Malam ya fara susa. Yana cin tuwo yana susar cinya, yana alwala yana susar kwiɓi. Na ce lafiya? Ya ce ai ƙaiƙayin geron da nake sheƙewa ne ke bin iska yana shiga masa riga, in riƙa yin sheƙata a bayan ɗaki. Ni da rabona da sheƙa tun kafin Ango ya zo!

Wata rana bayan azahar ya cire babbar rigarsa ya rataya a ƙusa, ya kishingiɗa. Na shigo ɗaukar tsintsiya, sai na ga layin kiyashi. Sun taso daga bakin ƙofa, sun bi gindin bango, sun hau, masu tafiya na tafiya masu dawowa na dawowa, kamar hanyar kasuwa. Mai sana'ar gari ta san ƙwarinta. Tururuwa ita ke jan tsaba, kiyashi kuwa zaƙi da maiƙo suke bi. Na bi su da ido har ƙusa, daga ƙusa suka gangara wuyan riga, daga nan suka faɗa aljihu. Na zura hannu. Ɓurɓushin biskit cike da tafina, da ledoji a cukurkuɗe, da guda biyu da ba a buɗe ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ashe bawan Allah kullum in ya fito daga masallaci sai ya ratsa ta shago.

Na tsaya a kansa na yi gyaran murya. Ya buɗe ido ya ga abin da ke hannuna.

"Malam, ashe addu'ar taka a leda ake sayar da ita?"

Ya tashi zaune yana susa. Ya fara cewa tsaraba ce wani ya ba shi, ya ga ba ta ɓulle ba. Can ya ce, "Hanne, ba zan iya jin kukan yaron nan ba. An raba shi da uwarsa, an raba shi da nono, ke kuma kin kulle abu ɗaya da ya sani a akwati. Da me zai ji sanyi?"

Maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Ban yi faɗa ba, kuma ku tambaya a unguwa ku ji ko hakan ya saba faruwa. Na je na ɗauko Ango yana barci, na kamo hannun Malam, na zagaya babban yatsansa da manuni a damtsen yaron. Yatsun suka haɗu, har da sauran fili. Na gaya masa abin da malamar asibiti ta ce game da ƙarshen wata, wanda da na ɓoye masa don kada hankalinsa ya tashi. Ya daɗe yana kallon yatsun nan nasa.

"To yanzu yaya za a yi?" ya ce a hankali.

"Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa," na ce. "Kai za ka sha."

Don na riga na lura da wani abu. Ango duk abin da yake na Malam shi yake so. Hular Malam, carbin Malam, butar Malam, har takalmi yake ja. Malam kuma kullum cikin tsokanarsa yake, irin wasan kaka da jika: "Kai ɗan nema, ka zo gidana ka ci sunana, yanzu kuma matata kake so ka ƙwace?" Yaron bai san me ake faɗa ba, amma ya san in Malam ya ce "nawa ne," to abin ƙwacewa ne.

Da yamma na ɗauki allura da zare na ɗinke aljihunan rigunan Malam kaf. Da safe na dama kunu a kwanonsa na sha, na sa ludayinsa, na miƙa masa na ce ya fita da shi ƙofar gida.

"A ƙofar gida? Gaban mutane? Kunun jarirai?"

"Inda aka yi ɓarna nan ake gyara. Ka sha da ƙara, ka yaba, kuma ko ya roƙa kada ka ba shi."

Na laɓe a zaure ina leƙe. Ango ya tafi kai tsaye wurin aljihu, ya laluba, ya ji a rufe. Ya zagaya ɗaya gefen, a rufe. Ya dubi Malam kamar wanda aka ci amanarsa, ya faɗi ƙasa yana birgima. Na ga Malam ya waiga wajen shago. Na yi tari daga zaure. Sai ya ɗaga ludayi ya zuƙa, fuuut, ya ce da ƙarfi, "Kai, wannan kunu! Ba na ba ka. Matata ce ta dama mini, je ka nemo taka." Yana faɗa idonsa ya kawo ruwa, abokansa kuwa har da riƙe ciki.

"Malam, yaye ka aka yi?"

"Allah ya raya mana Malam!"

Ranar Ango bai sha ba, sai 'yar gwanda da ruwa da ya karɓa a hannuna. Washegari ma kuka ya yi, amma yana yi yana satar kallon ludayi. Ni dai ina ta addu'a, ta gaskiya ba ta leda ba. Ana cikin haka wata safiya, Malam ya zuƙa ya juya masa baya yana cewa "nawa ne," sai yaron ya rarrafo ta ƙarƙashin hannunsa ya cafke ludayin. Malam ya ja, Ango ya ja. Malam ya yi ihu, "Jama'a ku taimake ni, ɓarawo!" ya sakar masa. Ango ya kai baki ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya dubi Malam ya ga yana kukan ƙarya, sai ya ƙyalƙyale da dariya ya sake kurɓa don ya ƙara ba shi haushi. Ni ina zaure na zauna daɓas a ƙasa.

Daga nan duk abin da nake so ya ci, kwanon Malam nake zubawa. Fate, ƙwai, alala, dambun zogale mai laushi. Malam ya yi ta kukan an ƙwace masa, Ango ya yi ta ƙwacewa. A hankali na riƙa rage dankalin cikin kunun har ya saba da garɗin hatsi kawai. Ƙarshen wata muka koma asibiti, har da Malam, wanda ya ce ƙafarsa ƙafata. Malamar ta ɗora shi a sikeli, ta duba, ta sake dubawa, ta ce ya ɗan motsa, ba sai an tura mu ko'ina ba, mu ci gaba da abin da muke yi. Malam ya ce, "Alhamdu lillahi. Ni ma a auna ni, ina jin na ƙaru."

Haƙoran gaban dai ba su dawo ba. Sun yi ta gutsurewa, ya sha ciwo, ya yi shekaru da giɓi kafin na manya su fito. Duk sanda ya yi dariya sai na tuna jaririn jikin kwali.

Da iyayen suka zo ɗaukarsa, Habibu ya zo da wani sabon kwalin a bayan babur, wai kada a ce ya zo hannu rabbana. Ban buɗe baki ba, Malam ya riga ni. "Ɗaure abinka yadda ka kawo shi ka mayar wa mai shago. Ka sayo ƙwai." Rabi ta kwana biyu a nan na koya mata damu, ta tafi da gari da tsiro, Ango kuma ya tafi da ludayin Malam, don ya ƙi sakinsa.

Kasuwa ta dawo, ba gaba ɗaya ba, kuma ba wa'azina ne ya dawo da ita ba. Matan unguwa sun ga yaron da aka kawo, sun ga wanda aka mayar. Abokan Malam kuma, masu dariyar nan, ɗaya bayan ɗaya suka fara aiko a ba su "na jika." Biskit na nan a shago har yau, ana saye. In mace ta tambaye ni, abin da malamar nan ta gaya mini shi nake gaya mata, in ƙara da labarin giɓin Ango. Malam kuwa shi ba a taɓa yaye shi ba. Har ya koma ga Allah kullum safe sai na dama masa, ya fita da shi ƙofar gida.

Bara, bayan rasuwarsa, aka kawo ƙanwar Ango yaye, shi ma ya biyo su don an yi hutun makaranta. Ita ba ta san biskit ba, amma rigimar rabuwa da uwa ta sa ta ƙi karɓar komai. Na tashi da safe ina tunanin yanzu wa zai zauna mini a ƙofar gida. Ina cikin damu sai na ji ana jan wani abu a ɗakin Malam. Ango ne ya jawo buzun, ya kai ƙofar gida ya shimfiɗa, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa. Ya ɗaga murya ya ce, "Amarya, ina kunun?"

Na zuba a kwanon Malam na kai masa. Ƙanwar ta biyo ni tana ƙunƙuni, ta tsaya tana kallo. Ya zuƙa, fuuut, ya juya mata baya.

"Ba na ba ki," ya ce. "Matata ce ta dama mini."

Ban tsaya na ga sanda ta cafke ludayin ba, ihunsa na "ɓarauniya" kawai na jiyo. Na koma madafa na zauna kusa da kaskon Gwaggo na yi kukana mai isata, kuma ba hayaƙi ba ne, don wutar ta riga ta mutu.

To, kun ji. Miƙo faifan nan in gani, ke mai jan mayafi. Kin ce kin gama ko? Wannan mai baƙi-baƙin da ke gefe fa? A'a, kada ki jefar. Tauna.